Albasar Galmi da na yi oda: abin da na gani bayan wata 5

Salamu alaikum 'yan uwa masu girki. Tun watan Afrilu na yi alkawarin zan dawo in faɗa muku yadda muka ƙare da albasar nan 'yar Galmi da na yi oda, wasu har sun gaji da tambayata, ku yi haƙuri, dalilin shirun shi ne ita albasa ba a yabonta ranar da aka sauke ta daga mota, sai ta ga damina tukuna ake sanin halinta. Yanzu ga shi mun shiga Satumba, buhu 3 na saya saura kamar rabin guda, to yanzu kam ina da bakin magana.

Ga wanda bai sani ba ni sana'ata girkin biki ce da suna da walima a nan Kano, kuma duk mai wannan sana'ar ta san albasa ita ce ƙashin bayan tukunya, ko miyar taushe ce ko farfesu ko dafa-duka ko dambun shinkafa, in albasar ta ƙi to komai ya ƙi. Shi ya sa nake sayen tawa da yawa lokacin da ta yi araha wajen Maris zuwa Afrilu in ajiye, don in aka kai Oktoba zuwa Disamba kuɗinta ba ya taɓuwa.

Bara abin da ya same ni shi ne ya sa na nemi wata hanya. Wani dillali a wata kasuwa da ba zan kira sunanta ba ya rantse mini cewa "Hajiya wannan 'yar Galmi ce, ki ajiye ta har hunturu ba abin da zai same ta", na biya ƙari a kan farashin ta gida saboda sunan kawai, wallahi ko sati 6 ba a yi ba ɗakin ajiyar ya fara wari, in ka ɗaga buhu ƙasansa ya jiƙe sharkaf, ka matsa guda ɗaya ta lotse a hannunka ruwa na bin yatsu. Kusan rabi na zubar. Da na koma wajensa raina a ɓace, bai ma yi musu ba, cewa ya yi "Hajiya ni fa ban yi miki ƙarya ba, irin Galmi ne aka shuka, a nan gida dai aka noma ta". Maganar nan ta daɗe tana yi mini yawo a kai, don in ka duba ta wani gefen gaskiya ya faɗa, irin Galmi ya bazu ko'ina a Afirka ta Yamma ana sayar da shi a gwangwani da leda, amma ni da na biya kuɗi ba iri na saya ba, albasar da ta fito daga ƙasar Galmi nake nufi kuma shi ma ya san haka nake nufi.

To bana sai wata ƙawata ta haɗa ni da wani bawan Allah mutumin wajen Madawa, yana da ɗan shago a nan, ana yi masa oda ta WhatsApp, yayansa ne ke lodi daga can. Galmi dai gari ne a jihar Tawa ta Nijar, a kan babbar hanyar da ta taso daga Birnin Ƙonni zuwa Madawa, masu zuwa neman magani sun san shi saboda tsohon asibitin mishan da ke can tun 1950. Kayan ta Maraɗi suke biyowa su shigo ta Jibiya, Katsina, sannan Kano. Ya ce mini sati ɗaya, sai da aka yi kwana 12, kuma ni ce mai kira kullum, shi bai taɓa kirana ya ce ga halin da ake ciki ba. Wannan na rubuta masa shi a matsayin laifi na farko kuma na faɗa masa baki da baki. Na san hanyar ba ta da daɗi, shingaye sun yi yawa, amma kira ɗaya ai ba ya gagara.

Ranar da a-kori-kura ta sauke buhunan a ƙofar gida, tun kafin a kwance bakin buhu na ji bambanci, ba irin warin danshin nan ba, ƙamshi ne busasshe mai shiga hanci. Da na zazzage a kan tabarma sai na ga ba manya-manyan nan ba ne masu ɗaukar ido, matsakaita ne, a ɗan baje suke ba zagaye sosai ba, launinsu ja mai sirkin shunayya, ɓawon siriri yana ƙaras-ƙaras in ka murza, wuyan kuma a tsuke yake ya bushe ƙamas. Wannan wuyan ku riƙa duba shi dan Allah, don albasa mai kaurin wuya mai laushi ta nan ruwa ke shiga ta fara ruɓewa daga ciki kana ganin bayanta lafiya lau. Na ɗauki guda na matsa da babban yatsa iya ƙarfina, ko gezau. Na ɗauki ta gida mai girma ɗaya da ita a ɗaya hannun, sai na ji 'yar Galmin ta fi nauyi.

Wajen yanka kuwa sai an shirya. Yarinyar da ke taya ni aiki ko guda 3 ba ta gama ba ta fita tsakar gida tana share hawaye, ta ce Anti wannan ai barkono ce. Ƙarfinta ya kai haka. Amma a kasko ne ta biya ni kuɗina, na zuba man gyaɗa ya yi zafi na watsa ta, ba ta saki ruwan nan da ke sa mai ya yi ta tartsatsi albasa ta koma dahuwa maimakon suya ba, nan da nan ta yi ja ta yi ƙamshi har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar me ake soyawa. Inda na saba zuba guda 10 a tukunyar farfesun kayan ciki, 6 ko 7 sun wadatar, kuma ɗanɗanon yana zama a cikin romon, ba ya gudu bayan an sauke. Soyayyar albasar da nake barbaɗawa a kan shinkafar biki kuwa ta kwana 4 a roba da murfi ba ta yi laushi ba.

Inda ba zan ba ku shawarar ta ba shi ne ci ɗanye. A kwaɗon zogale ko salak ko a kan tsire ta yi yaji da yawa, tana danne komai, wata baƙuwa ma ta tsince ta gefe. In dole sai da ita to ki yanka siriri ki jiƙa a ruwan gishiri na ɗan lokaci ki tsane, ko kuma ki nemi farar albasa don wannan aikin.

Sai maganar ajiya wadda ita ce ainihin abin da na biya wa kuɗi. Mai shagon ya ce kar in kuskura in bar ta a buhu, ya ba ni labarin rudu, ɗan rumbun kara da ciyawa da manoman can suke yi a ɗage daga ƙasa iska na ratsawa ta ko'ina, ni kuma ba ni da filin rudu sai na sa kafinta ya buga mini katako mai ramuka hawa biyu a ɗakin da ke da taga biyu, na baza ta ba tare da ta hau kan juna sosai ba. Duk ranar Juma'a da safe nake bi ɗaya bayan ɗaya in juya in cire wadda ta fara laushi. Daga Afrilu zuwa yau, da duk ruwan da aka yi a Agusta, abin da na zubar bai cika bokitin fenti ba a buhu 3. Wasu 'yan kaɗan sun fara tsiro a ƙarshen Agusta, su na fara amfani da su. In na tuna bara sai in ce alhamdulillahi.

Laifi na biyu, buhu ɗaya daga ciki samansa zaɓaɓɓu ne amma ƙasansa an cusa ƙanana da waɗanda suka ƙuje wajen lodi, za su kai kwano 2. Na ɗauki hoto na tura masa, bai yi gardama ba, ya ce zai rage mini a oda ta gaba. Na uku, farashin ba ya tsayawa, tunda da sefa suke saye, abin da muka yi magana ranar oda ba shi na biya ba ranar sauke kaya, ya ce canji ne ya motsa. Na yarda da shi amma gara a faɗa wa mutum tun farko. Rasit kuma babu.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, kuma shi ya sa rubutun nan ya yi tsawo, shi ne buhun kansa. Buhu ne kawai irin na kowa, ba tambari, ba sunan gari, ba sunan ƙungiyar manoma, ba komai. Na ce masa Malam, yanzu in ba don na yarda da kai ba mene ne shaidata cewa daga Galmi kayan nan suka fito, ai haka wancan ma ya rantse mini. Ya yi shiru kaɗan sannan ya ce "Hajiya gaskiyarki, amma ki sani sunan nan yana da takarda, gwamnatinmu ta yi masa rajista, ba kowa ke da ikon kiran albasarsa da shi ba". Ya ce har an taɓa yin rigima a kai, wani kamfanin sayar da iri da ke Senegal ya nemi a ba shi mallakar irin da sunan Violet de Galmi, wato yadda ake kiranta da Faransanci, manoma da ƙungiyoyi suka tashi tsaye a 2009, hukumomin Nijar suka ƙi amincewa, a ƙarshe kamfanin ya janye sunan ya sa wa nasa wani suna daban. Yana ba ni labarin muryarsa har tana canzawa, ya ce "iyayenmu da kakanninmu ne suka yi ta zaɓen irin nan shekara da shekaru, a ce wata rana sai mun biya wani kafin mu shuka abinmu?"

Da daddare na kira ƙanina wanda ya karanta aikin lauya na ce ya warware mini, don ni a sanina tambarin kamfani kawai ake yi wa rajista. Ya ce a'a Yaya, akwai wani nau'in daban, shi tambarin kamfani na mutum ɗaya ne ko kamfani ɗaya, yana iya sayar da shi ma in ya ga dama, amma wannan sunan wuri ne ake karewa, na jama'ar yankin ne gaba ɗaya, ba mai iya ɗauke shi ya kai wani gari. Sharaɗin shi ne kayan ya zama ingancinsa ko sunan da ya yi yana da alaƙa da wurin, ƙasar, ruwan, iskar, da yadda mutanen wurin suka gaji yin aikin. Sai a shata iyakar yankin a rubuta ƙa'idoji, wane iri za a shuka, yaya za a cire a busar a zuba a buhu, duk manomin da ke cikin yankin kuma ya bi ƙa'idar yana da haƙƙin amfani da sunan, wanda ke waje kuwa ko da iri ɗaya ya shuka ba shi da shi. A ƙasashen renon Faransa IGP suke ce masa. Ina jin haka na ce to ai maganar dillalina ta bara ke nan, iri daban, asali daban.

Hukumar da ke yin rajistar ita ce OAPI, hedikwatarta na Yawunde a Kamaru, ƙasashe 17 ne a cikinta har da Nijar da Chadi da Benin da Senegal, an kafa ta a kan yarjejeniyar Bangui ta 1977, kuma rajista ɗaya tana aiki a dukkan ƙasashen. Kayan farko da suka samu a 2013 su ne masoron Penja da farar zumar Oku duka daga Kamaru, da gahawar Ziama-Macenta ta Gini. Na Penjan ma har Tarayyar Turai ta karɓi sunansa a 2022. Nijar kuma a 2023 aka miƙa mata takardun shaida a Yamai, albasar Galmi da kilishin Nijar suka samu wannan kariya ta sunan wuri, cuku da fatar jar akuyar Maraɗi kuma aka yi musu tambarin haɗin gwiwa. Da na ji kilishi sai da gabana ya faɗi, na ce to mu namu kilishin fa na Kano, ya ce kwantar da hankalinki Yaya, ba kalmar kilishi aka hana kowa ba, cewa "na Nijar" ne alhali ba can aka yi shi ba shi ne abin da aka hana.

Sai na yi masa tambayar da ta dame ni, na ce to yanzu zan iya kai ƙarar wanda ya sayar mini da ta bara? Ya ce a nan ne gizo ke saƙar. Najeriya ba ta cikin OAPI, takardar can ba ta da ƙarfi a kasuwar Kano, kuma mu har zuwa lokacin da muke maganar ba mu da doka ta musamman a kan sunayen wurare, an dai tsara daftari ana ta magana a kai. Abin da muke da shi tsohuwar dokar tambarin kasuwanci ce ta 1965, wadda a ƙarƙashinta ƙungiya za ta iya yin rajistar tambarin shaidar inganci, amma ba daidai yake da wancan ba. Ya ce yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da ta fara aiki a 1995, wadda mu ma muna ciki, ta ce a kare irin waɗannan sunaye, sai dai kowace ƙasa ita ke yin dokarta a gida. Gana ma da ba ta cikin OAPI ta yi tata dokar tun 2003, kuma kowa ya san yadda tireloli ke kwasar albasar Nijar zuwa Akara, 'yan uwanmu Hausawa da Zabarmawa ne ma suka riƙe cinikin a can. Indiya ta yi wa shayin Darjeeling rajista tun 2004. Mu muna nan.

Abin nan ya yi mini ciwo ta fuska biyu. Ta farko manomin Galmi, shi ya sha ranar noman rani, shi ya yi ban ruwa, shi da iyayensa suka gina sunan da har ni a Kano nake yarda in ƙara kuɗi saboda shi, amma ƙarin yana shiga aljihun wanda bai taɓa taka garin ba, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Kuma in albasar ta ruɓe sunan Galmi ne ke ɓaci, don ni kaina bara sai da na ce ashe 'yar Galmin ma zuƙi ta malle ce, alhali ban ma taɓa ta ba.

Ta biyu kuma namu manoman. Ni ban ce albasar gida ba ta da kyau ba, kar a fahimce ni a baibai, albasar Aliero ta jihar Kebbi sananniya ce kuma ina sayenta, akwai masu kyau a Sakkwato da nan Kano ma, kowace da aikin da ta fi dacewa da shi, wata ta fi daɗin ci ɗanye nesa ba kusa ba. To me zai sa a laƙaba mata sunan wani gari kafin ta yi daraja? In da ana sayar da ita da sunanta, a buhu mai shaida, da ita ma ta yi nata sunan har a riƙa nemanta da shi. Mun taɓa yin irin wannan asarar fa, fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa, ayari ya ratsa Sahara da ita, ta isa Turai ana kiranta fatar Maroko saboda ta can ta bi, har littattafai masu tsada ake yi wa bango da ita, sunan Maroko ya tafi duniya namu ya tsaya a gida. Yau ga rinin Ƙofar Mata, ga doyar Binuwai, ga shinkafar Ofada, duk wanda ya ga dama zai iya ɗora sunan a kan abin da ya ga dama.

Su ma na Nijar ɗin ina da ƙorafi a kansu, tunda an samu takardar to ta sauko daga ofis ta hau kan buhu mana. Ni mai saye ba zan je Yawunde in duba rajista ba, abin da zan gani shi ne abin da aka ɗinka a bakin buhu, ɗan kati mai tambari da sunan ƙungiyar manoman da lambar da za a iya bi. Ko da dokar ba ta aiki a wannan gefen iyakar, katin kaɗai zai rage wa masu rantsuwar ƙarya kasuwa, don zan ce nuna mini.

To a taƙaice wa zan ba shawarar ya saya? Mai girki da yawa, mai son ajiya ta wata da watanni, mai suya da miya da farfesu, kuma mai wurin bazawa da iska ke shiga. In gidanku ƙarami ne kuna sayen ta sati-sati ba sai kin wahalar da kanki da ƙarin kuɗin ba, ta gida mai kyau ta ishe ki. Albasar kanta na ba ta 9 cikin 10, shagon kuma 6, saboda jinkiri da rashin kira da ƙananan da aka cusa a ƙasan buhu.

Zan sake oda wajensa in Allah ya kai mu Maris, buhu 5 wannan karon, amma na gindaya masa sharaɗi, a tsayar da farashi da naira ranar da na tura kuɗi, a ba ni rasit, kuma yayansa ya rubuta sunan ƙauyen da aka ɗauko ta da ranar lodi a jikin kowane buhu ko da da maka ne. Ya ce na farko da na biyu ba matsala, na ukun zai yi wa yayan nasa magana, kuma zai tambaya ko ƙungiyarsu ta fara raba buhu mai tambarin. Rabin buhun da ya rage kuma na ware shi don walimar saukar Alƙur'ani da zan yi wa girki ranar Asabar mai zuwa.